Sun Ɗauke Tabarma Don Miyata Ba Gishiri

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne Audu, tsohon maigadin wata masaƙa a Bompai. Ban yi boko ba, maƙwabcina tela ke rubuta min, amma maganar tawa ce.

Bara ƙafafuna suka kumbura, in na kwanta numfashi ya gagara. Likita ya ce zuciyata ta gaji, ya ba ni ƙwayar rage ruwa, ya hana ni gishiri da kanwa. Wata ma'aikaciyar lafiya ta biyo ni har gida ta koya wa maiɗakina girkin.

To, mu shida muke ciyayya a ƙofar gidana bayan magariba, tun kafin a gina masaƙar. Da na fito da sabuwar miyata, Sale direba ya ɗanɗana ya ce, "Malam Audu, miya ce ko ruwan wanke-wanke?" Aka yi dariya, har da ni. Ran Juma'a na fito da kwano, ba tabarma, ba kowa. Ashe sun koma ƙofar Sale, ba wanda ya faɗa min. Salen da ni na kai shi gaban manaja aka ɗauke shi aiki!

Na bi su na ci nasu kwana uku, takalmi ya ƙi shiga, barci sai a zaune. Yanzu ni kaɗai nake ci a soro.

Jama'a, ku ba ni shawara. Kai kuma Sale, na san rediyonka a kunne take. Ban ce ka ci nawa ba, zaman kawai nake so.