Kwalaben da Na Saya wa Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, babban likita jagoran bincike, likitoci da malaman jinya, ma'aikatan ɗakin gwajin jini, baƙinmu wakilan kamfanin magani da ke layin gaba inda fanka ke aiki, iyayenmu mata da iyayenmu maza, 'yan'uwana masu jinya, da ku masu ciwon sikila da kuka daure kuka zo, gaisuwa ta tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan bincike na shekara uku. Ina godiya ga mutanen da suka riƙa miƙa hannu ana ɗibar jininsu domin yaran da ba su taɓa gani ba. Ina godiya ta musamman ga Sista, babbar malamar jinya ta ɗakin ƙarin jini, wadda ke samun jijiya a suka ɗaya, ko a hannun da allura ta gama cinyewa.

An ba ni takardar godiya in karanta a madadin iyalai. Na duba ta, an tsara magana, babu laifi. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shugaba, a yi mini afuwa, zan ajiye ta in faɗi tawa.

Abu na farko, yadda muka shigo. Ni mai walda ne, a aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Abin da na sani game da wannan ciwo, daga takardun cikin kwalin magani na tsinto shi, da waya, da wani tsohon ƙamus mara bango. Ƙanwata Auta shekararta goma sha tara. Tun tana shekara tara, da ɓarin jikinta ya so shanyewa, ake ƙara mata jini duk wata. Jinin ya cece ta, wannan ba musu. Amma kowace leda tana shigowa da sinadarin ƙarfe, jikin ɗan Adam kuwa ba shi da ƙofar fitar da shi. Sai ya taru a hanta, ya taru a zuciya, yana ci a hankali. An gudu ba a tsira ba ke nan. Maganin da muka sani a da allura ce a fatar ciki, da ɗan inji mai tura ruwa awa goma, kwana biyar a mako. Cikin Auta duk ƙullutu ne. Sai kuka zo da ƙwaya, kuka ce za ku gwada. Ba zan tauye muku haƙƙi ba, ta yi aiki. Fatar yarinyar da ta dafe ta fara washewa, ta shiga koyon ɗinki, har ta sami bakin tsokana. Takan ce, "Yaya, tunda ka ce ƙarfe ne cike da ni, ka kai ni wurin 'yan gwangwan su auna mana, ko ka huta da zafin wuta."

Abu na biyu, laifina ne, kuma gaban kowa zan faɗa. Iyaye, ku ne shaida. In aka ce mutum ba shi da jini, me muke kai masa dubiya? Kwalbar maganin ƙarin jini. Gwaggo ta kawo, maƙwabciya ta kawo, wanda ya zo hannu rabbana a ce ba shi da kara. Ni kuwa da na fara samun na kaina, ban taɓa bari kwalbar ta ƙare a gidanmu ba. Cokali da safe, cokali da yamma. Ni nake saya, ni nake tsare ta sai ta haɗiye, in ta yatsine fuska in daka mata tsawa. Ban san ƙarfe ne zalla a ciki ba. Ku kuna kwashewa da ƙwaya, ni ina zubawa da cokali.

Wata biyar da suka wuce ciwo ya tashi, aka kwantar da ita. 'Yan dubiya suka jera kwalabe bakwai a kan durowar gefen gado. Sista ta shigo, ta ɗauki ɗaya, ta juya bayanta ta karanta.

Ta ce, "Inna, tun yaushe take shan wannan?"

Innarmu ta washe baki ta ce, "Ai ba ta fashi, 'yar nan. Yayanta ke saya mata, Allah ya yi masa albarka."

Ina tsaye a wurin. Har ƙirji na ɗaga, ina jiran yabo.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na yarda. Amma abu na uku naku ne, likitoci. An ce an hana masu shan ƙwayar shan maganin ƙarin jini, kuma gaskiya ne an hana. Na nemi takardar yarjejeniyar shiga binciken, na zauna da ƙamus. Shafi goma sha takwas ce, hanin yana shafi na goma sha ɗaya, layi na huɗu daga ƙasa. Innarmu ba ta karatun boko, yatsa ta dangwala. Wanda ya yi mata fassara kuwa, mutum arba'in na jiransa a layi, abin da ya ce shi ne, "Ki dai riƙa kawo ta duk wata, Inna, magani kyauta ne." Kun auna jininta sau talatin da ɗaya, kun ɗauki hoton zuciyarta, kun san nauyin hantarta, amma babu wanda ya taɓa tambaya me ke kan tagar ɗakinmu. Kun yi ilimin ƙarfe, ba ku yi ilimin dubiya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, da kun tambaya da mun faɗa.

Aka cire Auta daga bincike, aka ce ta karya ƙa'ida. Yanzu da na sauka, za a karanta sunayen waɗanda kamfani zai ci gaba da bai wa ƙwayar har shekara biyu, waɗanda suka kai ƙarshe. Na riga na leƙa takardar, babu ita. Ƙwayar ba ta shigo kasuwa ba, balle in sayar da injin waldana in saya. Tsohuwar allurar kuma fatarta ta daina karɓa, duk inda aka soka sai ya kumbura ya yi ruwa.

Sau huɗu ina zuwa ofishin babban likita. Mutumin kirki ne, har kujera yake ba ni. Ya ce, "Samari, kwalbar nan ba ita ta cika mata hanta ba, jinin ne. Kada ka kashe kanka da zargi. Amma ta gurɓata sakamako, hannuna a ɗaure yake."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sakamakon ne ya gurɓace ko yarinyar?"

Ni ma na san bakina ya yi kaifi, kuma na san ba shi ya rubuta dokar ba. Wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin Auta ba, lamba ya sani. Shi ya sa na daina sa rai. Na karanta abin da ke biyo baya in ƙarfe ya kama zuciya, kuma da ma ban iya karatun ba. Ƙafafunta sun fara kumbura. Keken ɗinki ya gagare ta takawa.

Saboda haka, iyaye mata, duk wadda ake ƙara wa ɗanta jini a kai a kai, kada cokali ɗaya ya sake shiga bakinsa sai likita ya ga kwalbar da idonsa. Ko uwar mijinki ce ta kawo, ki karɓa, ki gode, ki ajiye. Ku kuma masu bincike, in za ku sake wani, ku fara da wannan hani, da baki, da harshen da uwa ke ji, kafin a shafa wa yatsa tawada.

Wakilan kamfani, gare ku na juya. Ban roƙi a sa Auta cikin sakamakonku ba, ku goge lambarta in kun so. Ƙwayar kawai nake roƙo. In hukunci ne ya zama dole, ga wanda ya sayi kwalbar tsaye a gabanku. Auta tana ƙasa, a kan bencin bakin ƙofa ita da Inna, domin matakalar benen nan ta fi ƙarfin numfashinta. Ta ce mini, "Yaya, ban da zagi, ka ji? Ka roƙe su a hankali." Na yi iyakar ƙoƙarina. Ko e ko a'a, ku faɗa mini kafin in sauka, domin ban iya yi mata ƙarya ba, tana ganewa daga tafiyata.

Allah ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda muka fara wannan layi tare ba su kai yau ba. Allah ya saka wa masu ba da jini, ya ƙara wa likitoci sani da tausayi. Waɗanda za a kira sunayensu, Allah ya sa maganin ya karɓe su. Ni kuma Allah ya yafe mini. Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe.