Wanzami Zai Zo Ran Juma'a

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ka gafarce ni da na dame ka, mai sauraronku ce daga Dagmanet.

Bayana ya daɗe yana ciwo, har ruku'u ya gagare ni, a zaune nake salla. A shirinku na makon jiya wata lokotoro, wato likita, ta ce an samu ƙwayoyin cutar da ke zaune kan fata cikin guringuntsin ƙashin bayan wasu masu ciwon. Na yi mamaki, ni da nake ganin alwala ta wanke ni tas! Da ka tambaye ta ko su ne ke kawo ciwon, sai ta ce, "Malam, ba mu tabbatar ba tukuna." Baiwar Allah nan ta burge ni ƙwarai, ga ilimi, ga tsoron faɗin abin da ba ta tabbatar ba.

To, yayana ya kira wanzami ya yi mini ƙaho ran Juma'a. Ya ce, "Ke dai ki kwanta, haka aka yi wa kakarmu." Ba na iya yi masa gardama. Amma tsagar askar ba za ta buɗe wa ƙwayoyin nan hanya ba? Don Allah ka tambayar mini ita, ku ba ni amsa kafin Juma'a.