Jitar da Aka Kai Gyara

A tashar motar Kafanchan, Dalhatu mai hoto ya ƙosa a yaba aikinsa, sai ya miƙa wa dattijuwar da ke gefensa hoto.

"Mama, ga makaɗan da na ɗauka a mashaya ranar Asabar. Mai jitar nan muryarsa kamar ta akuya, amma 'yan mata na sonsa."

Ta ƙura ido. "Jitar cocinmu ce! Ga gicciye a jikinta. Ɗana Yunana ya ce ya kai ta gyara Jos."

"Ai kuwa ta gyaru."

"Wane ne wannan da hula ta rufe masa fuska?"

Dalhatu ya tuna yadda 'yan matan suka yi ta ihun "Yunana!" Ya janye hotonsa.

"Mama, ni dai jitar na ɗauka."