Kwamfutar Maigidana Ba Ta Faɗa Masa Inda Ta Kai Shi Ba

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Daga gidan iyayena a Dutsi nake rubutowa, hannuna a naɗe.

Maigidana makaho ne, a Daura muke zaune. Kwamfutarsa tana magana, tana kuma da allon rubutun makafi da yake shafawa da yatsu. Ni kuwa a cikinta nake karanta littattafan soyayya.

Ran Talata na bar littafi a buɗe na tafi ɗora girki. Ya danna zai shiga shafin saƙonni, ashe littafina ta kai shi, ba ta faɗa masa ba. Yatsunsa suka karanta: "Masoyina, zo yau, mijina ba ya nan."

Ya daka tsawa, "Hafsatu, wane ne shi?" Ya ɗaga sanda ya farfasa gilashin kabad ɗina, gilashin ya yanke ni, jini har ƙasa. Bai saurare ni ba. Da na ɗauka irin wannan sai a littafi.

Masana kwamfuta, don Allah ku sa ta riƙa faɗin sunan kowane shafi, da murya da rubutun makafi. Masu sauraro, in koma?

Malam, in kana ji, littafin yana nan a buɗe. Koma farkonsa ka shafa sunansa.