Nonon Gambari

Kwanaki ke nan tuwo ba ya wuce mini maƙogwaro. In na ɗauki tsintsiya sai in tsinci kaina tsaye a tsakar gida, shara na kallona ina kallonta. Maƙwabciyata ta ce ko shawara ce ta kama ni, har ta jiƙo mini saiwa. Na ce mata shawarar da nake nema ba a jiƙa ta a ƙwarya. Shi ya sa na zauna in rubuto muku, ku yara masu karatu, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci na nan Shagari.

Ga abin da ya faru. Ɗan farina ya tafi ci-rani Ilori bayan an kai gero rumbu. Sai ga Garba na Kajiji, wanda suka tafi tare, ya dawo da saƙon baki. Wai yaron ya ga mata a unguwar Gambari, ɗiyar wata marigayiya Memuna, yana son in sa albarka. Wata uwar, guɗa za ta yi. Ni sai da na dafa bango. Don ku gane dalili, bari in koma baya.

Shekarar da fara ta cinye mana gero ina amarya, ga ƙaramin ciki, ga haraji bai san fara ba. Maigidana ya ce zai yi kudu. Mata ba su cika bin maza ci-rani ba, amma rumbu wayam, barina a gida ƙarin baki ne. Inna ta sayar da tunkiyarta guda ɗaya tilo, ta ƙulle mini abin da aka samu a bakin zane, ta ce, "Kak ki kwance shi sai kin ga wuya, ɗiyata." Tun a Yawuri na kwance shi, don da na ga faɗin Kwara da kwale-kwalen da za mu shiga, na ce wuya ai ta zo. Daga Jaba muka hau jirgin ƙasa. Na yi salati tun daga tashi har sauka.

A tashar Ilori Malam, maigidan nawa, ya tambayi wani mai dako ina baƙi ke sauka. Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Gambari." Haka Yarbawa ke kiran Bahaushe, haka kuma sunan unguwar. Aka kai mu zauren mai unguwa. Na yi zaton za a tambaye mu garinmu da sunan hakiminmu, kamar yadda 'yan doka ke yi. Sai aka kawo ruwa, aka kawo abinci. Bayan mun wanke hannu sannan tsohon ya ce, "To, daga ina?" Ashe dokar wurin ke nan, ba a tambayar mai yunwa asalinsa.

Ya haɗa mu da wata mai gidan haya, Iya Alaro, wato uwar masu rini. Ku ji abin mamaki, can mata ke rini. Tsakar gidanta manyan tukwane ne jere, duk macen da ke shiga gidan hannunta shuɗi ne har gwiwar hannu. Malam ya kama dako a tasha, ni kuma Iya ta ɗauke ni ɗibar ruwa da matse zannuwa.

Safiyar farko ina daka, mace ta wuce ta ce mini, "Akushi!" Wata ta wuce, "Akushi!" Na ce a raina, mutanen garin nan da aron kaya suke. Da ta uku ta faɗa, sai na shiga ɗaki na ɗauko akushina na gida, na miƙa mata, na ce, "Ga shi, amma ki maido." Matan nan suka yi dariya har wata ta zauna a ƙasa. Ashe sannu da aiki suke yi mini da harshensu. Daga ranar sunana ya zama Iya Akushi.

Faɗanmu na farko da Iya kuwa kan toka ne. Na ga tsibi a bayan tukwane, na ce bari in nuna mata tarbiyyar Sakkwatawa. Na share tas, na kai juji.

"Kai, Sakwato! Ina toka na?" Hausarta ke nan, kowa kai ne a wurinta.

"Na zubar, Iya. Dubi gida ya yi tsaf."

"Tsaf! Tsaf zan zuba a tukunya? Tsaf zai kama zane?"

"Mu garinmu toka shara ta."

"Garinku ya yi daɗi haka, me kai zo nema nan?"

Na fashe da kuka, na ce ta cire a ladana. Ta dube ni, ta dubi cikina, ta ja tsaki. "Ladan naka nawa yake? Zauna, ci." Ta tura mini wani tuwon garin doya, baƙi ƙirin kamar a tukunyar rini aka tuƙa shi. Na ci ina hawaye, kuma wallahi da daɗi.

Ita ce ta ba ni labarin unguwar, muna matsar zane. Ta ce tun Nasara bai zo ba, tun ba a shimfiɗa ƙarfen jirgi ba, fatake ke sauke jakuna a wurin. Su kawo kanwa da fata, su koma da goro. Wani jakinsa ya mutu ya rasa na komawa, wani ciwo ya kwantar da shi, wani kuma ido ya faɗa kan wata. Haka bukka ta zama ɗaki, ɗaki ya zama unguwa. Kakanta ma Bakatsine ne, kakarta Bayarbiya. Akwai Nufawa, akwai Barebari. Ta ce, "Duk wanda kai gani nan, kakansa baƙo ne wata rana. Shi ya sa."

Na kuwa ga "shi ya sa" ɗin da idona. Baƙo ya mutu ba dangi, kafin azahar an sami likkafani da masu ɗauka. Yaro ya ɓata a kasuwa, zauren mai unguwa za a kai shi, a ba shi ƙosai har uwarsa ta zo. Biyu sun yi rigima, sai an gaji da su a zaure kafin a bar su su je gaban alƙali. Har mutanen cikin gari, in sun tsinci wanda ba a san harshensa ba, Gambari suke kawo shi.

Na haihu da bazara. Bayan suna zazzaɓi ya kwantar da ni, irin wanda ba ka sanin safe da yamma. Nono ya ɗauke ƙaf. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne, kamar mai leƙe ta tsagar ƙofa. Ina jin kukan jariri, sai in ga hannu shuɗi ya miƙo ya ɗauke shi daga gefena, kukan ya yi nisa, ya tsaya. In an jima wani hannun ya maido shi yana barci, bakinsa da danshi. Wani hannun siriri, wani mai kauri, wani da munduwa. Fuska ko ɗaya ban riƙe ba.

Da na farfaɗo na tarar da yaro ya yi ɓul-ɓul, ya fi ƙarfin wanda na haifa. Na ce, "Iya, wa ya shayar min da shi?"

Ta ce, "Unguwa."

"Wace ce a unguwar, in yi mata godiya?"

"Za ka bi gida gida da wannan ƙafa naka kamar sillen kara? Wanda yana da goyo ya ba shi. An gama."

Suka sa masa suna da harshensu, ma'anarsa ɗan unguwa. Bakina bai iya ba, na mai da shi Amadugo. Har yau haka ake kiransa a Shagari, mutane na zaton wani irin Amadu ne. Ni ma ya yi mini daidai, tunda ba na faɗin sunan ɗan fari.

Da damina ta biyu ta matso muka yi shirin gida. Ba mu yi arziki ba. Mun dawo da abin haraji, da turmin zane da Iya ta rina mini, da yaro mai rai. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce, "Iya Akushi, in yaron nan ya girma zai yi aure a Gambari, a tambaye ni tukuna. Ni na san ƙirjin da ya sha." Na yi dariya. Ina Shagari, ina Ilori?

To ga shi. Na tambayi Garba labarin Iya, ya ce ta rasu tun bara waccan. Na ce Memunar nan fa, me take yi da tana raye? Ya ce, "Rini, Inna. Gidansu na kallon gidan da kunka zamna. Da yayan yarinyar da Amadugo, an ce sa'o'i na." Wato tana da goyo a lokacin.

Na sami Malam a gindin ɗurumi yana gyaran igiya. Ya ce, "Ni mi nis sani? Ina tasha da buhu bisa kai, in na komo a miƙo min yaro ƙoshe. Namiji na shiga wurin mata ya ƙidaya?" Na ce to ya za a yi? Ya ce, "Abin da ba ki gani ba, kak ki ɗora ma kanki."

Hankalina bai kwanta ba. Na hau jaki har Sifawa wurin malamin da ya karantar da mu allo. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce ko maƙwarwa ɗaya yaro ya sha, wadda ta ba shi uwarsa ce, 'ya'yanta duka 'yan'uwansa ne, na gabansa da na bayansa. Amma ya ce zato ba ya raba aure, sai da shaida. Na ce to in yi shiru? Ya ce, "Ban ce ba." Na ce in hana? Ya ce, "Wanga ma ban ce ba. Nemi wadda ta gani."

Yaron bai san wannan ba. Ya san an haife shi a can, ya san an yi mana kirki. Wace uwa ce za ta zaunar da ɗan farinta ta yi masa zancen nono? Garba ya ce tun da ya isa tsofaffin unguwar ke jan kumatunsa, kowace na cewa ɗanta ne, shi kuma yana ɗauka wasa ne. Ya ce yarinyar marainiya ce mai hankali, ita ke kai masa ruwa rumfar da yake ɗinki, kuma bai taɓa ganin Amadugo yana dariya haka ba.

In na ce a'a, na karya masa zuciya kan abin da ban tabbatar ba, kuma mutanen da suka buɗe masa ƙirjinsu za su ji cewa Iya Akushi ta ƙi ɗiyarsu. In na ce i, wataƙila na aurar da wa ga ƙanwarsa. In kuma na ce zan tafi da kaina in bi tsofaffin nan ɗaya ɗaya, gwiwata ba ta da ƙarfi, maigida kuma ya ce ba a barin gona ana jiran ruwan shuka. Ko na je, wa zai rantse kan abin da ya wuce shekara ashirin, a lokacin da ba wadda ta ɗauki abin a bakin komai?

Garba zai koma bayan kasuwar Kajiji mai zuwa, kuma ba zai tafi ba amsa ba. Ku 'ya'yana, musamman na Ilori in wannan ya iso gare ku, ku karanta wa iyayenku mata. Ku tambaye su ko sun tuna jaririn wata Basakkwaciya da aka yi ta yawo da shi gida gida, ko Memuna na cikin waɗanda suka karɓe shi. Sauran kuma ku gaya mini: in sa albarka, in hana, ko in ɗaura zane in kama hanya?