Burgamin Malam Arzika Ba Nawa Ba Ne

Assalamu alaikum. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman. Ardo da dattawan Adabka, Inna Hawwa'u, Yaya Magaji da sauran iyalan mamaci, Allah ya ƙara mana haƙuri. Ni ne Kamilu, wanda ya yi shekara tara yana bin Malam Arzika daji da gatari. Karatuna bai yi nisa ba, abin da idona ya gani zan faɗa.

Wata safiyar Laraba, mako uku kafin rasuwarsa, na hango Malam a gindin madacin bakin fadama tare da Sambo makiyayi. Ya kama hannun Sambo ya ɗora a jikin itacen, yana ta yi masa bayani. Sannan ya ɗaga burgaminsa na magani ya ce, "Bayan raina, kai ad da wanga." Ni kuwa ko igiyar burgamin bai taɓa bari na riƙe ba. Ranar nan tuwo bai shiga cikina ba.

Malam ya kasance mai maganin da ya karɓa daga kakansa, kakan ma daga nasa, kuma ba ya sara sai da bisimilla. Ya kasance ana ɗaukarsa a babur har Gummi saboda mai ciwon shawara, bai taɓa cewa hanya ta lalace ba. Ya kasance idan ciwo ya fi ƙarfinsa yana faɗa. Mun ji shi yana ce wa iyayen yaran da gubar dalma ta kama, "Wanga ba na saiwa ba ne, ku tahi asibiti."

Dokarsa ɗaya ce. Sassaƙe gabas da yamma kawai ake ɗiba, sai a shafe wurin da laka. Wata damina masu zazzaɓi suka yi yawa, na yi sauri, na zagaye wani hano da sara har na tuɓe shi. Itacen ya bushe. Malam ya gani ya ci gaba da harkarsa, na ɗauka ya manta.

Da na kasa daure maganar burgamin nan, na same shi na ce, "Malam, shekarata tara, Sambo ko biyu bai cika ba!"

Ya yi dariya ya ce, "Kamilu, sunan itace ɗari ka sani. In na ba ka, bana ka warkar da gari, baɗi ina za ka samu itacen? Yaya hanonka, ya tashi?"

Jama'a, kishin nan bai bar ni ba. Ga Sambo can, har yanzu ban iya kallonsa sosai.

Yaya Magaji, jiya ka ce yau za ka miƙa mini burgamin a gaban mutane. Wallahi ina so. Sambo ba zai buɗe baki ba, kunyarsu ta Fulani ba za ta bar shi ba. Amma ba nawa ba ne, ka ba shi. Inna, ki yi haƙuri, na san ni kika so.

Na gode. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya wanke mini zuciya.

Af, abin da ya faru a gindin madacin nan, ba ni kaɗai na gani ba. Ubaidullah mai faci yana wurin, da Gwaggo Balaraba da ta zo ɗibar ruwa. Ga su nan zaune, a tambaye su.