Mijin da Na Kira Rago

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Fasto, dattawa, 'yan'uwana mata, idan muryata ta sarƙe ku yi haƙuri da ni.

Ni ce Rifkatu, mai shinkafa da wake a inda motocin ma'aikata ke tsayawa. Kun san ni, kun kuma san bakina. Labarin ciwon mijina zan ba ku, amma wadda Ubangiji ya kuɓutar ni ce. A cikin ɗakin nan na ɓata sunan Baban Tabita, a nan kuma nake so in wanke shi.

Daga wajen Maradi muka zo Arlit, yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, a wurin haƙar ma'adinai. Shekara biyar ke nan mota ta kife da shi, kansa ya bugu. Rauni ya warke, aka sallame shi, muka yi godiya a nan, har na dafa tukunya biyu.

Sai dai mutumin da ya dawo mini ba shi ne ya fita ba. Wanda yake saɓa buhun shinkafa a kafaɗa, sai ga bokitin ruwa ya gagare shi. Damatsansa suka zube, tumbi ya fito. Ya kwana, ya tashi a gajiye. Aiki ya kuɓuce masa. Aka duba huhu, tunda a garin nan shi ake fara zargi saboda ƙurar ma'adinai, aka ce lafiya lau. Ba zazzaɓi, ba tari.

Ni kuwa da na ga tumbi, sai na yanke hukunci. Na ce mara lafiya ba ya ƙiba. In na dawo daga rana na dire masa kwano, sai in ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Na kira shi rago a gaban 'yarmu Tabita, har ita ma ta koyi amsa masa da gatse. Na raba shimfiɗa da shi.

Wannan duk a gida ne. Mafi muni shi ne abin da na yi a taron mata. Da aka ce wa ke da roƙon addu'a, na miƙe na ce a taya ni roƙo Allah ya cire wa mijina ruhun lalaci. Na faɗa da hawaye, kuka ce amin. Tsegumi na yi, na ɗaura masa ɗankwalin addu'a. Kafin sati ya zagayo maganar ta kai kunnen mazajenku. Aka daina ba shi karatu ranar Lahadi, aka rage gaishe shi, shi ma ya daina zuwa.

Wanda ya fara tsawata mini ba ma ɗan ikilisiya ba ne. Malam Sani ne, maƙwabcinmu mai shago, mutumin Damagaram. Ya tare ni a ƙofa ya ce, "Maman Tabita, ni na ga raggaye a duniya. Rago ba shi ɓuya bayan katanga yana kuka don ya kasa ɗaga bokiti. Ku koma gun lokotoro."

Na ji haushi, amma muka koma. Muka tarar da wata sabuwar likita. Ta yi ta ɗibar jini, ta tambayi labarin hatsarin tun daga farko. Ranar sakamako tana Faransanci, wani ma'aikacin jinya yana juya mana. Ya ce, "Madam, wai abin girma ne ya ƙare a jikin maigidanki."

Na ce, "Wannan ai na riga ta sani. Ko ɗiyarshi ba ta ganin girmanshi."

Mijina yana zaune kusa da ni, kansa a sunkuye. Da aka juya wa likita maganata, ta daɗe tana kallona. Sannan ta bayyana. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake, ita ke sakin sinadarin da ke sa yaro ya girma. Babba ma yana bukatarsa, don shi ke riƙe masa nama da ƙashi da kuzari. Buguwar nan ta lalata tasa. Tumbin da nake yi wa gori, shi ma ciwon ne.

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige.

Ta ce maganin allura ce ta kullum, a cikin sanyin firigo ake ajiye ta, kuma tana da tsada. Amma ana gwada wata sabuwar hanya, filasta da ake mannawa a fata, magani ya ratsa ya shiga jini. Ta ce gwaji ne na wata uku, ba ta yi mana alkawarin komai ba, kuma sai in ya yarda. Ya sa hannu.

Aka koya mini yadda ake yi. Kowace safiya in danna wata 'yar na'ura a fatarsa, ta huda ƙofofin da ido ba ya gani, in manna filasta a wurin. A bayansa ake sawa, inda hannunsa ba ya kaiwa. To kun san zafin garin nan. Kafin azahar gumi ya ɓamɓare ta. Aka ce in riƙa dannewa da tafin hannu na ɗan lokaci har ta kama. Ba ni da agogo, sai na ce zan auna da addu'ar da Ubangiji ya koya mana, in yi ta sau biyu a zuci in ɗage hannu. Ma'auni kawai na mayar da ita.

Shekara uku rabon da in taɓa shi. Da na ɗora hannu, ƙashin kafaɗa na ji, babu nama ko kaɗan. Na fara addu'ar. Da na iso wurin roƙon gafara, harshena ya tsaya cak. Na sake daga farko, na sake tsayawa a wurin. Sai na bar haddar na ce, "Ya Yesu, kai ka ga wannan baya tun ina zaginsa. Mutum yana nitsewa, ni ina tsaye a bakin ruwa ina masa dariya. Ka cire mini wannan harshe ko ka wanke shi." Hawayena suka zuba a bayansa. Ya ce, "Mi ya faru?" Na ce gumi ne.

Ku ga taurin kai. Na roƙi Allah, amma na kasa roƙon mutum.

Ana ta zuwa ɗibar jini. A sati na shida ya share tsakar gida. Bayan kwana kaɗan ya ɗauki tukunyata ya kai mini har bakin hanya, yana haki yana murmushi. Malam Sani ya leƙo daga shago ya ce, "A'a, yau ango da kanshi?" Muka yi dariya.

Ranar filasta ta ƙarshe na san in na ɗage hannu ba ni da sauran dalilin mayar da shi. Na ce, "Baban Tabita, na ci mutuncinka a gida da waje. Ka yafe mini don Yesu."

Can ya ce, "Rifkatu, ban riƙe ki ba. Ni ma rago na ɗauki kaina. Tunda ke kika faɗa, sai na yarda."

Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Wannan maganar har yau tana hana ni cin abinci.

Gwaji ya ƙare. Likita ta ce sai an yi nazarin sakamako, filastar ba za ta shigo kasuwa yau ko gobe ba. Allurar kuma ta fi ƙarfinmu. Ƙarfin da ya dawo yana tsiyayewa a hankali, ina gani da idona. Ba zan tsaya a nan in ce muku ya warke ba. Bai warke ba, zuciyata kuma a karye take.

Amma ina godiya. Na gode wa Ubangiji da ya aiko da abu ɗan ƙarami kamar filasta ya mayar da hannuna inda ya kamata. Na gode da bai bar ni na yi wannan tuba a bakin kabari ba. Tabita ma ta durƙusa ta roƙi ubanta. Ku dogara ga Yesu, 'yan'uwa, ko da amsar da ya ba ku ba ita kuka roƙa ba. Kuma kafin ku kawo sunan wani wurin addu'a, ku tambayi mai sunan abin da ke damunsa.

Mata, roƙon nan da na ba ku na janye shi. Mijina ba rago ba ne, mara lafiya ne. Ku faɗa wa duk wanda kuka faɗa wa na farko.

Yau bai iya tako ƙafa zuwa nan ba. Da na gaya masa abin da zan yi, ya ce ba sai na kunyata kaina ba. Amma ina shirin fita na ga ya sa rigarsa ta Lahadi, ya zauna a inuwar zaure. Ya ce in shimfiɗa tabarma, ko wani zai biyo bayan sujada.

Uku na shimfiɗa. Ubangiji ya sa su yi mana kaɗan. Amin.